Yadda ake fito da ayyukan CICS da COBOL zuwa intanet cikin tsaro

Idan aka ɗora maka aikin haɗa tsohuwar menfirem, wato babbar kwamfutar da bankuna da manyan kamfanoni ke gudanar da lissafinsu a kai, da shafin intanet ko manhajar waya, abin da za a fara gaya maka shi ne injin ya tsufa. Ba injin ne ya tsufa ba. IBM ta fito da menfirem ɗinta z16 a 2022, ta biyo da z17 a 2025, kuma ba mamaki irinsu ne ke zaune a ɗaki mai sanyi na kamfanin da ya ɗauke ka aiki. Abin da ya tsufa shi ne zaton da magabata suka yi lokacin da suke rubuta shirye-shiryen da ke gudana a kansa. Sun ɗauka mai danna maɓallan ma'aikaci ne amintacce da ke zaune a reshe. Sun ɗauka allon da ke gabansa ba zai bar shi ya shigar da shirme ba. Sun ɗauka da yamma za a rufe ofis a bar wa lissafi dare. A zamaninsu duk gaskiya ne, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin rubuta shi. Ranar da ka buɗe wa intanet hanya kuwa, babu ko ɗaya da zai saura gaskiya. Aikinka shi ne ka zaƙulo waɗannan abubuwan da aka ɗauka ba a rubuta ba, ka mayar da kowane doka a cikin manhaja kafin baƙo na farko ya shigo.

Ni a kan CICS na yi wannan aikin, a wani kamfanin inshora a Turai, don haka daga can misalaina za su fito, amma mai aiki da IMS, wata manhajar IBM mai irin wannan aikin, zai tarar yawancin maganar ta shafe shi. CICS manhaja ce ta IBM da ke karɓar dubban buƙatu a lokaci guda, ta miƙa kowace ga shirin da zai yi ta, ta kuma tabbatar aikin ya kammala gaba ɗaya ko a mayar da komai yadda yake. Tun ƙarshen shekarun 1960 take aiki, kuma tun 1974 ake raya ta a Hursley da ke Ingila. Yawancin shirye-shiryen cikinta da COBOL aka rubuta su, harshen da aka tsara a 1959. Kowace hada-hada tana da suna da bai wuce harafi huɗu ba. Ma'aikaci ya buga sunan a allon 3270, wannan baƙin allo mai koren rubutu mai layi 24 da gurbin harafi 80 a kowane layi, ya cike gurabe, ya danna, amsa ta dawo kafin ya ɗaga yatsa.

## Kada ka fara da rushewa

Dole a sami wani a taro da zai ce a zubar da COBOL ɗin baki ɗaya, a sake rubuta komai da Java, a sauya a hutun ƙarshen mako guda. Ka tuna masa da TSB. A watan Afrilun 2018 wannan banki na Birtaniya ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa daga tsarin bankin Lloyds zuwa wani sabo da Sabadell, uwar kamfaninsa ta Sifen, ta gina, duk a ƙarshen mako ɗaya. Kimanin mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka buɗe suka ga na wasu. Shugaban bankin, Paul Pester, ya bar kujerarsa a watan Satumba na wannan shekarar. Asarar ta kai kusan fam miliyan 330, sannan a Disambar 2022 hukumomin kula da bankuna suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Ko a gida Najeriya an ɗanɗana makamancin haka a 2024, lokacin da wasu manyan bankuna suka sauya manhajar ajiyarsu, mutane suka yi kwanaki kuɗinsu na maƙale a hanya.

Hanyar da na yarda da ita ita ce wadda masanin manhaja Martin Fowler ya bayyana a 2004, bayan ya ga wani irin ɓaure a dazukan Ostireliya. Duk wanda ya taɓa ganin cediya ta tsiro a wuyan giginya ya san abin da yake nufi: tana sako saiwoyi ƙasa a hankali, tsohuwar bishiyar na tsaye tana ɗauke da ita, har ranar da za ta iya tsayuwa da ƙafarta. A aikace, ka kafa ƙofar API guda, wato mashigar da manhaja ke bi ta yi magana da wata manhaja, a gaban menfirem, duk sabuwar manhaja ta riƙa bi ta nan. A farko ƙofar na miƙa komai ga CICS. Daga baya, idan wani ɓangare ya cancanci a sake rubuta shi, sai a karkatar da wannan ɓangaren kaɗai, manhajar waya ba ta ma san an canza komai ba. Wasu ɓangarorin kuma za ka tarar babu dalilin taɓa su har abada. Shirin da ya shekara talatin yana lissafin kuɗin ruwa daidai, kowane gyara da doka ta kawo yana cikinsa, dukiya ne.

## Ƙidaya, sannan ka zauna kusa da mai aikin

Kada ka dogara da takardun bayanin tsarin, galibi sun daina faɗin gaskiya tun da daɗewa. Je wurin masu kula da injin ka nemi rajistar SMF mai lamba 110, wadda CICS ke rubuta kowace hada-hada a ciki: sunanta, lokacin da ta ɗauka, da ƙarfin injin da ta ci. Daga nan za ka ga cewa cikin ɗaruruwan sunaye, ƙalilan ne ke ɗauke da kusan duk aikin yini. Zaɓi guda daga cikin masu karantawa kawai, kamar duba ragowar kuɗi ko matsayin takardar inshora, ka fara da ita. Wadda ke motsa kuɗi ta jira.

Abin da rajista ba za ta nuna maka ba sai ka ja kujera. Na zauna kusa da wata ma'aikaciya da ta daɗe a sashen biyan diyya, yatsunta na kai-komo tsakanin PF8 da PF3 ba ta ko duban maɓallan. Na lura duk sanda kuɗin ya yi yawa sai ta fita daga allon biya, ta shiga wani daban, ta dubi harafi guda a ƙuryar dama, sannan ta dawo. Da na tambaye ta sai ta nuna mini wata 'yar takarda da ta liƙa a ƙasan allonta, ta koɗe saboda daɗewa, an jera haruffa da ma'anarsu. Ɗaya daga ciki na nufin an jinginar da inshorar a banki, ba a biyan mai ita kai tsaye. Shirin biyan kuɗin bai san da wannan doka ba sam. A kan ma'aikata take, tsoho na koya wa sabo. Da an buɗe wannan hada-hada ga intanet yadda take, da kamfanin ya riƙa biyan wanda bai kamata ba, kuma babu kuskuren da zai fito a allo. Ka riƙe littafi na musamman don irin waɗannan. Ka kuma nemi dattawan da suka rubuta shirye-shiryen tun ba su yi ritaya ba, ka girmama su, ka saurare su. A Afrilun 2020 gwamnan jihar New Jersey ta Amurka, Phil Murphy, sai da ya fito fili yana neman masu iya COBOL, lokacin da masu neman tallafin rashin aiki suka fi ƙarfin tsohon tsarin jihar.

## Raba allo da lissafi

Buɗe shirin COBOL ɗin ka nemi wuraren da aka rubuta EXEC CICS SEND MAP da RECEIVE MAP. Idan suna cakuɗe da lissafi a shiri ɗaya, to allo da ƙwaƙwalwa a haɗe suke, kuma haka yawancin tsofaffin suke.

Akwai gajeriyar hanya: a sa wata manhaja ta yi kamar ita ce ma'aikacin, ta cike guraben allon, ta kwafo amsa daga layi kaza gurbi kaza. Tana aiki da sauri, shugabanni kuma suna son ta don a mako biyu an ga wani abu. Amma ranar da wani ya matsar da gurbi guda a allon, shafinka zai nuna ranar haihuwa a wurin lambar asusu. Idan dole ta sa, misali an rasa asalin rubutun shirin, yi amfani da gadar Link3270 ta CICS, wadda ke kiran gurabe da sunansu maimakon wurin zamansu, kuma ka rubuta ranar da za a cire ta.

Hanyar ƙwarai ita ce a tsaga shirin gida biyu. Lissafin ya koma shiri mai zaman kansa wanda ake kira da EXEC CICS LINK, a ba shi bayanai ya dawo da amsa, bai san allo ba. Tsohon allon ya kira shi, sabuwar ƙofar ma ta kira shi, doka ɗaya a wuri ɗaya. Jakar da ake miƙa bayanan a ciki, COMMAREA, ba ta wuce kusan bayit 32,000. Idan amsar za ta fi haka, kamar jerin hada-hadar shekara guda, yi amfani da tashoshi da kwantenoni da suka zo da CICS TS 3.1 a 2005, ko ka riƙa bayarwa shafi-shafi. Juya JSON, tsarin rubutun da manhajojin intanet ke musayar bayanai da shi, zuwa tsarin COBOL kuwa, manhajar IBM mai suna z/OS Connect na yi, haka ma ita kanta CICS da kayan aikinta DFHLS2JS.

Wajen tsagawar nan ka kula da abu ɗaya. Duk binciken da ke ɓangaren allo, irin su gurbin nan lamba kaɗai yake karɓa, wancan ba a taɓa shi, dole ya bi lissafin zuwa sabon gidansa. In ka bar shi a allo, ƙofar intanet ta kewaye shi ke nan.

## Kofibuk da abin da ke cikin bayit

Kofibuk shi ne fayil ɗin da ke bayyana tsarin bayanai a COBOL: gurbi kaza harafi nawa, lamba ce ko rubutu. Buga shi a takarda ka ajiye a gabanka, don a nan gizo ke saƙa.

Kuɗi galibi a dunƙule ake ajiye shi. Gurbin da aka rubuta PIC S9(7)V99 COMP-3 bayit 5 ne kacal, kowane bayit na ɗauke da lamba biyu, rabin na ƙarshe kuma alama ce. Idan ka leƙa cikinsa ka ga 00 01 25 07 5C, kuɗin 1,250.75 ne, C ɗin na nufin akwai, da D ce da bashi ne, ɗigon kuwa ba a ajiye shi ko'ina, kofibuk ne kaɗai ya san wurinsa. Idan manhajarka ta bar wannan gurbi babu komai, ya cika da 40 40 40 40 40, wato sarari a EBCDIC, tsarin haruffan menfirem, da shirin ya taɓa shi da lissafi sai ya faɗi. Shi ne kuskuren S0C7 da masu menfirem ke yawan ambata, a CICS kuma ASRA yake fitowa.

A ɗaya ɓangaren, JavaScript ba ta riƙe kuɗi daidai. Tara 0.1 da 0.2 a burauzarka, za ta ba ka 0.30000000000000004. Saboda haka ka aika kuɗi a JSON a matsayin rubutu, ko a ƙaramin ma'auni kamar kwabo ko santi, a Java kuma ka riƙe shi da BigDecimal. Ka duba yadda tsohon shirin ke cike ragowa: COBOL yanke ragowar yake yi sai in an rubuta ROUNDED. Bambancin kwabo ɗaya a takarda miliyan, masu binciken kuɗi ba za su bar ka ka yi barci ba.

Wani abin da ya fi ba ni tsoro shi ne MOVE. Idan aka zuba lamba mai gurbi bakwai a gurbi mai biyar, COBOL zai sare na gaba ya yi shiru, 1,200,000 ta koma 00000. A da allon ne ke hana haka, domin gurbin ba ya ɗaukar fiye da biyar. Yanzu kai ne za ka hana. Kowane gurbi a tsarin JSON ɗinka ya sami iyakar tsawo da iyakar girma daidai da kofibuk, abin da ya wuce a mayar da shi tun a ƙofa. Haka ma lambar da ke faɗin layi nawa ke cikin jeri, irin ta OCCURS DEPENDING ON: idan daga waje take zuwa ba a bincika ba, mugu zai aiko da 5,000 a jeri mai ɗaukar 50, shirin ya yi rubutu a kan ma'ajiyar da ba tasa ba. A wurin gwaji ka haɗa shirye-shiryen da zaɓin SSRANGE don irin wannan ya bayyana da wuri.

Sai haruffa. Menfirem na amfani da EBCDIC, intanet kuma UTF-8, kuma ba su jera abubuwa iri ɗaya: a EBCDIC ƙananan haruffa ne a gaba, sai manya, lambobi a ƙarshe, a ɗayan kuwa lambobi ne farko. Jerin da ka kwafo zuwa wata ma'ajiya zai iya sauya tsari. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Teburin haruffa na 037, wanda injuna da yawa ke kai, ba shi da ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ. Mutum ya rubuta Ɗanladi ko Ƙaura a fom, harafin farko zai isa a matsayin 3F, alamar abin da ba a gane ba, kuma ba ya dawowa. Sunan da ke takardarsa ya saɓa da na katinsa, wata rana a hana shi haƙƙinsa a kan haka. Magani shi ne a ajiye cikakken sunan a gurbin Unicode, Db2, ma'ajiyar bayanai ta IBM, na ɗauka, COBOL ma na da PIC N, sannan a ajiye sauƙaƙƙen rubutu a tsohon gurbin bisa ƙa'ida ɗaya da kowa ya sani. Wannan matsalar ita ce ta Baturke da mutumin Folan, su ma suna da haruffan da teburin bai sani ba, don haka ba za ka rasa masu mara maka baya a taro ba.

## Wane ne ke ƙwanƙwasawa, kuma me ya halatta masa

Mutane na cewa ba a kutsawa cikin menfirem. An kutsa. A 2012 an shiga ta kamfanin Logica a Suwidin, wadda ke ɗauke da bayanan hukumar haraji, aka kwashe har da ma'ajiyar kalmomin sirri ta RACF, manhajar tsaron menfirem. A shekarar aka shiga ta kamfanin CSC a Denmak, inda bayanan 'yan sanda suke. Injin na da kayan tsaro masu ƙarfi, RACF tun 1976 yake, amma sai an kunna su.

Fara da hanya. Menfirem ba ta fuskantar intanet kai tsaye. Ƙofar API ce a waje, ita ke karɓar baƙi, ita ke ƙayyade yawan kira, daga ita zuwa ciki kuma a rufe hanyar da TLS, tsarin ɓoye bayanan da ke wucewa, inda kowane ɓangare zai nuna takardar shaidarsa. TLS 1.2 ne mafi ƙaranci, 1.3 ya fi. An yi watsi da 1.0 da 1.1 a hukumance tun Maris 2021. A z/OS, babbar manhajar da ke tafiyar da menfirem, akwai AT-TLS, wanda ke rufe hanyar daga ƙasa ba sai an taɓa shirin COBOL ba. Tun da ka zo nan, dubi tsofaffin ƙofofi. TN3270, hanyar da allon 3270 ke bi ya isa injin, a tasha ta 23 a fili yake aika kalmar sirri, a mayar da shi rufaffe. FTP na z/OS kuma ba fayil kaɗai yake karɓa ba, yana iya miƙa aiki ga JES, mai karɓar ayyuka a injin, a gudanar, don haka wanda ya sami kalmar sirri guda ya sami hannu a cikin injin.

Yanzu ga babban ramin. RACF zai iya cewa wane ya halatta ya gudanar da hada-hada kaza ko ya karanta fayil kaza. Ba zai iya cewa wannan layin na fayil ɗin na Hajiya ne, wancan na maƙwabcinta ba. A da ba a buƙaci haka ba, domin ma'aikacin reshe aikinsa ne ya duba asusun duk wanda ya zo gabansa, shirin kuma lambar asusu kawai yake tambaya. Ka fito da shi intanet a haka, abokin hulɗa ya canza lamba ɗaya a adireshin, asusun wani ya buɗe masa. Wannan shi ne na ɗaya a jerin haɗurran API guda goma na OWASP, ƙungiyar tsaron manhajoji, a bugun 2019 da na 2023 duka. Ƙa'idata ita ce lambar abokin hulɗa ba ta taɓa fitowa daga abin da burauza ta aiko. Daga takardar shaidar JWT da aka sa wa hannu bayan ya shiga ta OAuth 2.0, tsarin ba da izinin shiga, take fitowa. A miƙa ta har cikin CICS, kuma shirin COBOL ɗin da kansa ya tambayi Db2 ko wannan asusu na wannan mutumin ne kafin ya ce uffan. Binciken a ƙofa yana da kyau, amma na ciki shi ne wanda ba a kewayewa.

Miliyoyin abokan hulɗa ba za su sami suna a RACF ba, don haka za a yi amfani da sunan aiki na bai ɗaya. Kada ya zama ɗaya tal mai ikon komai. Na dubawa daban, na biya daban, kowane da sunan hada-hadarsa da iyakar abin da zai taɓa. Ma'aikatan cikin gida kuwa a haɗa shaidarsu ta waje da sunansu na RACF, akwai umarnin RACMAP don haka, saboda rajistar SMF 80 ta nuna mutum, ba inji ba. Duba saitin CICS ka tabbatar SEC=YES ne, ka ga abin da aka bar wa mai shiga ba suna, galibi CICSUSER. Hada-hadar masu kula da tsari, CEMT da CEDA da CECI da CEDF, a kulle su ga mutane ƙidayayyu, domin da CECI kaɗai ana iya karanta fayil ko a rubuta a cikinsa ba tare da wani shiri ba.

Idan abu ya lalace, kada ASRA ko lambar kuskuren SQL ta kai ga burauza, taswira ce kake ba ɓarawo. Abokin hulɗa ya ga saƙo mai sauƙi da lambar bibiya, ita wannan lambar ta bi kiran tun daga ƙofa har CICS. Lambar kati da kalmar sirri kuma ba sa shiga rajista, ƙa'idar kare bayanan katin banki ta PCI DSS ba ta wasa da wannan.

## Wanda ya danna sau biyu

A allon 3270, da ma'aikaci ya danna sai maɓallan su kulle har amsa ta dawo. Waya ba ta haka. Mutum na cikin mota, sabis ya ɗauke bayan buƙatarsa ta isa amma kafin amsa ta dawo. CICS ta riga ta cire kuɗin. Shi bai sani ba, ya sake dannawa, ko manhajar ta sake aikawa da kanta.

Maganin ba shi da wuya, amma sai an yi shi daidai. Manhajar ta ƙirƙiri lamba ta musamman ga kowace niyyar biya, ta maimaita ta duk sanda ta sake aikawa. A Db2 a yi tebur da ba ya karɓar lamba ɗaya sau biyu. Shirin COBOL ya fara rubuta lambar, sannan ya motsa kuɗin, duka a cikin aiki guda kafin SYNCPOINT, umarnin da ke tabbatar da aikin. Idan Db2 ya dawo da -803, wato lambar na nan, sai a ɗauko amsar farko a mayar masa. Idan ka ajiye lambar a wata ma'ajiya a waje, kuɗin kuma a ciki, an gudu ba a tsira ba, domin wata rana ɗaya zai rubutu ɗayan ya faɗi. Kowane kira ya zama cikakken aiki da kansa. Kada ka riƙe layin asusu a kulle kana jiran mutum ya gama tunani a wayarsa. Aikin da ba ya buƙatar amsa nan take kuwa, a jefa shi layin MQ, inda saƙonni ke jira har a zo kansu.

## Cunkoso, kuɗin inji, da dare

Ma'aikata dubu biyu suna da iyakar saurin yatsu. Manhajar waya ba ta da shi, kuma mutum na iya duba ragowar kuɗinsa sau goma ranar albashi. CICS na da iyakar ayyukan da take ɗauka lokaci guda, MXT, in ta cika har ma'aikatan reshe sai sun tsaya. Sa hada-hadar intanet a ajinsu na TRANCLASS, da iyakar masu gudana da iyakar masu jira, ƙofar kuma ta riƙa mayar da lambar 429 ko 503, wato a sake gwadawa, da wuri maimakon tara mutane. Gara wasu su ga a sake gwadawa da a durƙusar da kowa.

Akwai kuma kuɗi. Kamfanoni da yawa suna biyan lasisi ne bisa matsakaicin awa huɗu mafi nauyi a wata, don haka cunkoson safiya ɗaya na iya ɗaga kuɗin wata guda. Aikin Java, har da yawancin na z/OS Connect, yana iya gudana a kan zIIP, wani sashen injin na musamman, wanda ba ya shiga wannan lissafin. Tambayoyin dubawa zalla kuma a riƙa amsa su daga kwafin da ke bin sauye-sauyen Db2 a waje, a nuna wa mutum lokacin da aka sabunta shi. Amma shawarar a biya ko kada a biya, daga asalin ma'ajiya kaɗai take fitowa.

Dare shi ne abin da sababbi ke mantawa. A tsohon tsari akan rufe fayilolin VSAM, inda bayanan suke, daga CICS da daddare don ayyukan tari na JCL, masu gudana a jere ba mutum a gaban allo, su yi lissafin yini. Samo jadawalin, ka san wane fayil ke rufe daga ƙarfe nawa zuwa nawa. Ko dai a koma VSAM RLS ko Db2 don CICS da ayyukan dare su yi tarayya a bayanan, ko a karɓi buƙatun dare a jera su har safe a kuma gaya wa mutum gaskiyar haka. Kada ka taɓa jadawalin nan da wasa. A Yunin 2012 gyaran manhajar jadawali ta CA-7 ya lalace a bankin RBS na Birtaniya, abin ya shafi mutum miliyan 6.5, wasu har makonni, aka kuma ci tarar fam miliyan 56 a 2014.

## Gwaji da sauyawa

Ɗauki ainihin buƙatun yini guda, a ɓadda sunaye da lambobi, ka bi da su ta tsohon allo da sabuwar ƙofa, ka kwatanta amsoshin gurbi da gurbi. Duk bambanci sai an san dalilinsa, ko na kwabo ne. Sa ranakun ƙarshen wata da 29 ga Fabrairu a ciki, da tsofaffin bayanai masu shekara lamba biyu, domin gyaran shekarar 2000 a wurare da yawa dabara ce kawai ta cewa ƙasa da lamba kaza sabon ƙarni ne. Ka kawo masu gwada kutse da suka san z/OS, ba waɗanda za su duba shafin kawai su tafi ba. Rubutun COBOL ɗin ya shiga Git, kuma da Zowe, kayan aikin haɗa kwamfuta da menfirem wanda aka buɗe a 2018, matasan ƙungiyarka za su iya aiki da shi daga VS Code. Mai son koyo kafin a ba shi izinin taɓa injin kamfani, IBM Z Xplore kyauta ne, GnuCOBOL kuma na gudana a kwamfutar cinya.

Buɗewa a yi ta kaɗan-kaɗan: ma'aikatan kamfani tukuna, sai kashi ɗaya cikin ɗari na abokan hulɗa, a ƙara idan rajista ta yi tsabta. A ƙofar a ajiye makunnin da zai mayar da kowa tsohuwar hanya cikin minti ɗaya, kuma a gwada shi da rana kowa na kallo kafin a buƙace shi da tsakar dare.

Tsohon allon kuma kada ka yi saurin kashe shi. Koma ga SMF 110 ka ga ko har yanzu wani na kiran hada-hadar. Akwai waɗanda sau ɗaya ake taɓa su a shekara, lokacin rufe littattafai ko aika rahoton haraji, don haka sai ka ga wata 13 cur babu kira ko ɗaya. Sannan ka dakatar da ita da CEMT ba tare da ka goge ta ba, ka sanar da sassan da abin ya shafa, ka bar rubutun shirin da kofibuk ɗinsa a Git tare da bayanin abin da ya maye gurbinsa.